Yadda na mallaki sabon Air Jordan 1 mai kamar tsoho

Ranar 19 ga Nuwamba, 2022, kamfanin Nike ya fitar da kambas ɗin Air Jordan 1 da aka yi wa laƙabi da Lost and Found a kan dala 180, kuma ina cikin ɗimbin mutanen da suka neme shi ta SNKRS, manhajar da Nike ke sayar da takalma ta cikinta, amma rabonsu bai tsaga ba. Daga baya na same shi a hannun wani mai sari, da kuɗin da ya ɗara na kamfani sosai.

Abin da ya ja hankalina shi ne tarihin ƙirarsa. Peter Moore ne ya zana takalmin na asali domin Michael Jordan, wanda ya ƙulla yarjejeniya da Nike a 1984, shekarar da ya fara buga wa Chicago Bulls ƙwallon kwando. Takalmin ya shiga kasuwa a 1985 a kan dala 65, da launin ja da fari da baƙi irin na ƙungiyar, da tambarin ƙwallo mai fukafukai a gefen wuyansa. Moore ya rasu a watan Afrilun 2022, 'yan watanni kafin fitowar wannan samfurin, kuma hakan ya ƙara masa daraja a zuciyata.

Dabarar da aka yi ita ce a ƙera sabon takalmi ya fito tamkar wanda aka manta da shi shekara da shekaru a ma'ajiyar wani ƙaramin kanti. Da gangan aka tsattsaga baƙar fatar wuyansa, aka sa farin gefen tafinsa ya ɗan dafe, aka ba kwalinsa murfin da bai dace da shi ba, har da rasit irin na da a ciki. A ganina wannan tarihin ne masu tara takalma ke biya wa kuɗi, kamar yadda aka sayi wanda Jordan ya taka da ƙafarsa a 1985 a kan dala 560,000 a gwanjon Sotheby's cikin 2020.

Wajen ciniki ne na gane cewa sanin ƙirar shi ke kare mai saye daga jabu. Sai da na sa mai sarin ya aiko min da hotunan ɗinkin dunduniya da takardar lambar da ke ciki, na kwatanta su da na wani abokina da ya saya kai tsaye daga kamfani, sannan na biya. Na kuma koyi cewa kwali da rasit suna cikin darajar kayan, domin masu saye kan rage farashi idan babu su.

Ajiya ma aiki ce, saboda danshi na kawo fumfuna, zafin rana kuma na busar da fata. Yanzu takalmin yana cikin kwalinsa a wuri mai iska, ina sa shi ne kawai lokaci zuwa lokaci idan babu ruwan sama, in goge shi da busasshen tsumma kafin in mayar.