Yadda Na Nemi Farashin Kek Ɗin Auren Ƙanwata

Da aka sa ranar auren ƙanwata, sai ta ɗora mini nauyin nemo kek ɗin bikin. Ta turo mini hoton wani farin kek mai hawa uku, wanda furanni suke gangarowa daga samansa har ƙasa, ta ce, "Yaya, irin wannan nake so, ki tambayo mana nawa za a yi shi." Na ɗauka aikin yini ɗaya ne, don haka a daren na tura hoton ga masu yin kek guda huɗu da tambaya ɗaya tak: nawa ne wannan? Uku daga cikinsu sun amsa kafin gari ya waye, kuma farashin da suka faɗa ya yi hannun riga da juna, har mafi tsadan ya kusa ninka mafi arahan sau uku. Abin da ya fara zuwa raina shi ne lallai akwai wadda take son ta cuce ni a cikinsu, kuma na kusa amincewa da mai arahar nan take.

Ta huɗun ce ta hana ni yin gaggawa, domin ita ba ta faɗi farashi ba sam. Ta kira ni ta ce, "Ranki ya daɗe, hoto ba ya nuna girma. Mutum nawa za su ci? Furannin nan na sukari kike so ko na gaske? A cikin ɗaki za a ajiye shi ko a fili, kuma awa nawa zai yi a tsaye kafin a yanka?" Ban da amsar ko ɗaya daga cikin tambayoyin nan. A lokacin ne na gane cewa sauran ukun ba farashin abu ɗaya suka ba ni ba. Kowace ta kalli hoton, ta cike giɓin da na bari da nata hasashen, sannan ta yi wa hasashen nata kuɗi.

Babban giɓin shi ne girma. Masu wannan sana'a da yawa suna lissafi ne da yawan yanka, wato mutum nawa kek ɗin zai isa, kuma akwai ma'aunin da aka saba da shi. Yankan biki ɗaya yakan kasance inci 1 a faɗi, inci 2 a tsawo, tsayinsa kuma kimanin inci 4. A jadawalin kamfanin Wilton, wanda masu yin kek da dama suke dogara da shi, kek mai zagaye na inci 6 yana ba da yanka 12, na inci 8 yana ba da 24, na inci 10 yana ba da 38, na inci 12 kuma yana ba da 56. Mai arahar nan ta yi mini lissafin hawa uku na inci 6 da 8 da 10, wanda jimillarsa yanka 74 ce, alhali mu muna sa ran baƙi kusan 110. Mai tsadar kuwa ta lissafa inci 8 da 10 da 12, wato yanka 118. A hoto duka biyun kek ne mai hawa uku, amma a kan teburi ɗaya zai bar mutum fiye da talatin ba su ɗanɗana ba. Abin da yake ruɗar mai saye shi ne faɗin fuskar da'ira ba ya ƙaruwa daidai da lambar inci: kek na inci 12 ya ninka na inci 6 sau huɗu a faɗin fuska, ba sau biyu ba. Haka kuma wasu suna lissafi da yanka mafi girma, na inci 1.5, wanda da shi kek na inci 10 mutum 28 kawai zai isa. Saboda haka bai wadatar a ce "na mutum ɗari" ba, sai an tambayi girman yankan da aka yi lissafin da shi.

Na ziyarci wadda ta yi mini tambayoyin a wurin aikinta, kuma abin da na gani a can ya sauya yadda nake kallon farashin gaba ɗaya. A kan wani dogon teburi ta jera ɓangarorin furen sukari, kowane ɗaya an murza shi har ya yi siriri ana iya hango haske ta cikinsa, an soka masa 'yar waya, an kwantar da shi a cikin cokali domin ya bushe a lanƙwashe. Ta ɗauki ɗaya ta goge bakinsa da wani ɗan ƙarfe mai dunƙulallen kai har ya yi lanƙwasa irin ta furen gaske, sannan ta shafa masa garin launi da ƙaramin buroshi. Ta ce sai sun bushe sarai kafin a haɗa su ɗaya bayan ɗaya, kuma tana yin ƙari a kan adadin da ake buƙata domin wasu sukan karye a hannu. Hoton ƙanwata yana ɗauke da irin waɗannan furanni fiye da ashirin. Fulawa da ƙwai da sukari da bota ba su ne suke cin kuɗin kek ɗin aure ba, lokacin mai aikin da ƙwarewar hannunta ne, kuma tun daga ranar na daina ganin farashin irin wannan aiki a matsayin tsada marar dalili. Mai arahar, da na koma na tambaye ta, ashe furen roba ta yi niyyar sakawa. Ba laifi ta yi ba, domin ban ce mata komai a kan furen ba.

Sai kuma abin da za a lulluɓe kek ɗin da shi. Akwai kirim ɗin bota, akwai kuma fondan, wato ƙullun sukarin nan da ake murzawa kamar zane a rufe kek da shi ya yi sumul. Fondan ya fi cin aiki, domin sai an fara shafe kek ɗin da kirim an daidaita shi kafin a ɗora, shi ya sa yakan fi tsada, sai dai ya fi jure tsayuwa. Bota kuwa tana narkewa da zarar zafi ya kai kimanin digiri 32 zuwa 35 a ma'aunin Selshiyos, don haka kek ɗin da aka shafe da kirim ɗinta ba zai daɗe a fili cikin zafi ba. Ni a bakina kirim ya fi daɗi nesa ba kusa ba, kuma mutane da yawa sukan ɓare fondan su ajiye a gefen faranti, amma wurin bikin ne ya kamata ya yanke hukunci, ba hoton ba.

Na tambaya ko za a rage kuɗi idan aka sa hawa ɗaya na bogi, wanda ake yi da farar kumfar nan mai tauri a lulluɓe ta kamar kek. An amsa mini cewa ragin kaɗan ne, tun da adon da za a yi masa bai ragu ba. Hanyar da ta fi rage kuɗi ita ce a yi ƙaramin kek na ado domin yanka a gaban jama'a, sannan a gasa wani shimfiɗaɗɗe marar ado a ajiye a madafa, daga shi a riƙa raba wa baƙi.

Akwai abubuwan da ba sa fitowa a farashin farko sai an tono su. Kek mai hawa ba ɗora shi ake yi kawai ba, kowane hawa yana zaune a kan faifansa, an kuma soka sanduna a cikin na ƙasa domin su ɗauki nauyin na sama, in ba haka ba zai nitse ko ya karkace. Kai shi wurin biki da haɗa shi a can aiki ne mai zaman kansa, kuma cikin ukun farko ɗaya ce kawai ta haɗa kuɗinsa a lissafinta. Haka nan mazaunin da ake ɗora kek ɗin a kai sau da yawa aro ne, ana ajiye kuɗin jingina sai an mayar da shi. Na kuma tambayi kowace abin da take sakawa a ciki, domin wasu fondan ɗin suna ɗauke da jelatin, wanda ake samu daga fata da ƙashin dabbobi, wasu kuma sukan jiƙa kek da ruwan sukari mai giya, ga kuma baƙin da jikinsu ba ya karɓar gyaɗa da danginta.

Bayan duk wannan sai na sake rubuta buƙatata, na tura wa su huɗun saƙo iri ɗaya ba tare da bambancin ko kalma ba: ranar biki da lokacinsa, wurin da yanayinsa, yanka 110 na ma'aunin biki, ɗanɗanon kowane hawa, fondan fari, furen sukari da adadinsa, kaiwa da haɗawa, tare da roƙon a rarrabe mini kuɗin kowane ɓangare daban. A wannan karon tazarar da take tsakaninsu ta ragu ƙwarai, mai arahar ma ta faɗa mini gaskiya cewa ba ta ƙware a furen sukari ba, kuma na ga girmanta da ta faɗi haka. Na ɗanɗana kek ɗin biyu daga cikinsu, domin gani ya kori ji, kuma na nemi su nuna mini hotunan aikin da suka yi da hannunsu maimakon waɗanda suka tattaro daga intanet.

Wadda ta fara yi mini tambayoyi muka zaɓa, duk da cewa kuɗinta ya ɗan haura abin da muka tanada. Ban matsa mata ta rage ladan aikinta ba, sai na ce ta nuna mini abin da za a cire daga adon. Ta ba da shawarar a mayar da furannin guda 7, a tara su a gefe ɗaya maimakon su gangaro har ƙasa, kuma da ƙanwata ta ga zanen da ta yi a takarda sai ta ce ya ma fi na hoton kyau. Kafin in biya kafin alƙalami, mun rubuta komai a takarda ɗaya: girman kowane hawa, ranar ƙarshe ta sauya adadin baƙi, lokacin biyan cikon kuɗi, abin da zai faru da kuɗin idan an ɗaga biki, da sunan wanda zai karɓi kek ɗin a wurin taro. Muka liƙa zanen a bayan takardar, ta sa hannu na sa hannu, kowa ya riƙe kwafinsa.