Jan biron Malam da kalmar "tsaftatacce"

A shekarata ta ƙarshe a karatun injiniyan sinadarai, aikin da aka ba ni shi ne metanol, wani ruwan sinadari da ake ƙonawa a inji kamar fetur, wanda ake samarwa daga iskar kwal. A kan take na rubuta "tsaftataccen makamashi". Malamin da ke duba aikin ya zagaye kalmar da jan biro, ya rubuta a gefe: "A ina?" Wannan 'yar tambaya sai da ta ci min wata uku.

A bakin salansa metanol ba shi da laifi. Ƙwayarsa kabon ɗaya ce tak, ga oksijin a jikinta, shi ya sa yake ci ba baƙin hayaƙi irin na dizal, ba sinadarin farar wuta (sulfur). Jirgin ruwan Stena Germanica tun 2015 ya koma amfani da shi. A ƙasar Sin kuwa, inda kwal ya yi yawa man fetur ya yi kaɗan, tasi-tasi a birnin Guiyang da metanol suke yawo, kamfanin Geely ke ƙera su. Da irin wannan na cika shafuka, ina ganin na gama.

Na ce, "Allah ya gafarta Malam, ai ga hujja." Ya ce, "Koma ka bi kwal ɗin tun daga rami."

Na bi. Ana zuba kwal a tukunyar da zafinta ya haura digiri 1,200, a hura masa oksijin da tururi, ya zama gaurayen kabon monoksaid da haidurojin. To metanol yana son haidurojin biyu a kan kowane kabon monoksaid ɗaya, shi kuwa kwal talaka ne wajen haidurojin. Dole a ɗebi wani kaso na kabon monoksaid ɗin a sake haɗa shi da tururi don cike gurbin, kuma abin da ke fita daga nan kabon dayoksaid ne tuli guda, wanda galibi sama ake sakinsa. Da na tara lissafin daga ramin haƙa har zuwa tayar mota, sai ga metanol ɗin kwal ya zarce fetur wajen ɗumama duniya. Sau uku na maimaita, ina fatan ni ne na yi kuskure. Ashe hayaƙin ƙaura ya yi daga titi zuwa bututun masana'anta.

Ko cire farar wutar kwal daga gas ɗin, abin da nake yabo, ba don Allah ake yi ba. Sinadarin jan ƙarfe da ke haɗa gas ɗin ya zama metanol, wanda kamfanin sinadarai na Birtaniya, ICI, ya fito da shi a 1966, farar wuta kashe shi take yi. Tilas ce ta sa ake wanke gas ɗin tas.

Sauran abubuwan a ɗakin gwaji na koye su. Lita ɗaya ta metanol ƙarfinta kusan rabin na fetur ne, yana cin roba da wasu ƙarafa na inji, kuma ɗan kurɓi kaɗan yana makantar da mutum. Wutarsa da rana kusan ba a ganinta. Wata rana na miƙa hannu kan wani ƙoƙon metanol da na zaci wutarsa ta mutu, zafi ne ya gaya min yana ci. Har yau ba na yarda da idona a kusa da shi.

Duk da haka ban juya wa metanol baya ba. Ga birnin da hayaƙin dizal ya shaƙe, sauƙi ne na gaske, kuma injin da ya saba da shi ba ya tambayar daga ina ya fito: gobe za a iya zuba masa wanda aka yi daga shara ko daga kabon dayoksaid da aka kama kafin ya tashi sama. Na cire "tsaftatacce" daga take, na ƙara babi guda a kan kama kabon a masana'anta. Malam ya karanta, ya sa hannu, sannan ya zagaye wata kalma a shafi na biyu: "mai araha".