Saƙar Ulu a Blender: Wuraren da Na Yi Tuntuɓe

Ƙannena masu koyon aikin 3D, duk wanda ya taɓa ɗora hoton saƙar ulu a kan kujera ko rigar sanyi ya san wannan takaicin. A shafin da ka sauko da shi, yana da kyau kamar ka kai hannu ka shafa, amma da ka yi renda, wato kwamfuta ta fitar da hoton ƙarshe, sai ya fito kamar tabarmar roba. Na daɗe ina ɗora wa hoton laifi, ina sauko da wani a shafukan Poly Haven ko ambientCG, alhali gyaran yana hannuna. Da Blender zan yi misali, don kyauta ne kuma shi yawancinku kuke da shi, amma maganar ɗaya ce a sauran manhajoji.

Kuskuren da ya fi cin mini lokaci shi ne girma. Hoton saƙa mara mahaɗa an yi shi ne don ya maimaita kansa hagu da dama, sama da ƙasa, ba tare da an ga inda ya haɗu ba. To amma hoton bai san faɗin abin da ka ɗora shi a kai ba. In ka bar shi yadda ya zo, zai miƙe ya rufe dukan kujerar sau ɗaya, kowane zare ya zama kaurin igiyar guga. Ido kuwa yana auna girman abu da girman zarensa, shi ya sa kujerar take komawa kamar ta wasan yara, kai kuma ka rasa dalili.

Kada ka yi ta jan lamba har sai ya yi maka kyau a ido. Yi lissafi. Rigar sanyi da aka saƙa da zare matsakaici tana da ido kamar 20 a cikin santimita 10. Buɗe hoton ka ƙirga idanun saƙar daga gefe zuwa gefe. In ka samu 40, hoton yana wakiltar santimita 20 ke nan. Matashin kujera mai faɗin santimita 60, wanda fuskarsa ta cika filin UV (shimfiɗar jikin abu da ake ɗora hoton a kai), yana bukatar maimaici 3, sai ka rubuta 3 a Scale na Mapping, akwatin da ke saita girma da juyin hoton, a X da Y duka. Kafin wannan, ka zaɓi abin ka danna Ctrl+A ka ɗauki Scale, sannan ka warware UV. In ka ja akwati ya yi tsawo ba ka yi haka ba, saƙar za ta miƙe ta gefe ɗaya, idanunta su zama dogaye kamar rigar da aka shanya da jiƙa ta saki. Ni yanzu ba na ɗora ulu sai na fara ɗora hoton gwaji mai gida-gida irin na dara. In gidajen sun fito daidai wa daida a ko'ina, hannu da baya da mazauni, sai in ci gaba.

Sai alkiblar zare, wadda kowane tela ya sani amma mu masu kwamfuta muke mantawa. Tela ba ya yanka hannun riga a kwance, gabanta a tsaye. Smart UV Project kuwa, wanda ke warware UV da kansa, ba ruwansa, juya gutsattsarin yake yi yadda za su cika fili. A bango ba a damu ba. A rigar sanyi, idanun saƙa masu siffar V dole su bi tsayin jiki da tsayin hannu, in suka kwanta a hannu ɗaya, ko wanda bai san 3D ba zai ji wani abu bai zauna ba. Sa layin yanka a inda tela zai sa ɗinki, ka warware da hannu, ka miƙar da kowane yanki. Masu aiki da manhajojin ɗinkin tufafi Marvelous Designer ko CLO sun huta, don UV ɗinsu daga yankan yadin yake fitowa. Yadin kwat mai layi a karkace kuma, ka kula da Mirror, mai kwafo rabin abu ya kifa shi kamar madubi: yana juya layin, rabin kwat ya gangara dama, rabi hagu, su haɗu a tsakiyar baya kamar ƙashin kifi, alhali yadin ba haka yake ba.

Wani tarko a nan: in saƙar ta kwanta, kada ka juya ta da Rotation na Mapping. Launi zai juyu lafiya, amma bayanin da ke cikin hoton Normal, mai nuna wa haske tudu da kwarin saƙar, ba ya juyawa tare da shi, sai haske ya riƙa faɗowa ta inda ba fitila. Juya yankin UV ɗin kansa.

Hoton Normal, wannan mai launin shuɗi-shuɗi, iri biyu ne: OpenGL da DirectX. Bambancinsu koren launi ne da aka kifar. Blender da Unity suna karanta OpenGL, Unreal yana karanta DirectX. In ka ba Blender na DirectX, tudu zai koma kwari ta fuskar sama da ƙasa, zaren ya yi kamar an danna shi ciki. Duba sunan fayil: a Poly Haven ɗauki mai nor_gl, a ambientCG mai NormalGL. Sannan hoton launi kaɗai ke zama a sRGB. Normal da Roughness (kaushi) da Displacement (tsayin tudun zare) lambobi ne aka adana a siffar hoto, dole ka mayar da su Non-Color, in ba haka ba manhajar za ta lanƙwasa lambobin, ka ga baƙin tabo da sheƙi inda ba su dace ba. Kunna Node Wrangler, wani ƙarin kayan aiki na Blender, zaɓi Principled BSDF, akwatin da ke saita kamannin jikin abu, danna Ctrl+Shift+T, ka ɗauko hotunan gaba ɗaya, zai jera su da saitinsu.

Yanzu abin da ke sa ulu ya zama ulu. Ba zanen saƙar ba ne kaɗai, ƙananan gashin da ke tsaye a kansa ne. Ɗauki bargo ka riƙe shi tsakaninka da taga, za ka ga gefensa ya yi wani haske mai laushi, tsakiyarsa kuwa dishi-dishi. Roughness ya kamata ya zauna tsakanin 0.8 da 1, amma shi kaɗai kwali zai ba ka. Saitin Sheen da ke cikin Principled BSDF ne ke kawo wannan hasken gefe. Tun Blender 4.0 da ya fito a 2023 aka sabunta shi, ya fi na da kama da ƙurar gashi. Ina farawa da Weight 0.4, Roughness ɗinsa 0.5, in ba Tint launin yadin amma mai ɗan haske. In ka bar shi fari a kan jan bargo ka kuma cika shi, zai zama kamar bargon da ya kwana a waje lokacin hunturu. Gashi na gaske, wanda ake shukawa da Hair, sai in kyamara za ta matso har a ga zare ɗaya-ɗaya. Daga nesa ɓata lokacin renda ne kawai. Kuma duk wannan ba zai fito ba in fitilarka tana bayan kyamara. Kawo ta daga gefe, ta shafi yadin a kwance, kowane zare ya yi inuwarsa.

Kada ka yi baƙi ƙirin ko fari tas. Baƙin ulu a duniyar gaske toka-toka ne mai duhu, in ka kai shi sifili, saƙar ta ɓace.

Zancen 8K, wato hoto mai faɗin ɗigo kamar dubu takwas, na san yadda yake jan rai. Hoton 8K ɗaya mai launi yana cin wajen megabait 256 idan an buɗe shi a ƙwaƙwalwar kwamfuta, 4K yana cin 64, 2K kuwa 16. Ka ninka da hotuna huɗu na yadi ɗaya, ka ga dalilin da laftof ɗinka ke mutuwa a tsakiyar renda. Hoton 2K a kan santimita 20 ya ba ka ɗigo sama da 100 a kowace santimita, ya wadatar har ya yi yawa. Inda bai kamata ka yi rowa ba shi ne Displacement. Fayil mai bit 8 matakan tsayi 256 kawai gare shi, sai zaren ya fito hawa-hawa kamar matakala. Ɗauki PNG mai bit 16 ko EXR, ka guji JPG. Scale ɗinsa da mita ake auna shi, don haka 0.002 milimita biyu ne, kuma ya ishi yawancin saƙa. In ka bar shi a 1, kujerar za ta fashe ta zama bushiya.

Idan yadin ya yi faɗi, kamar labule ko shimfiɗar ɗaki, maimaicin zai tona kansa. Ɗan tabo ɗaya mai duhu a hoton zai jeru kamar sojoji a fareti. Ja kyamara baya ka ɗan runtse ido, nan take za ka gan shi. Maganinsa Noise Texture mai manyan gajimare, a haɗa shi da launin ta Multiply da ƙarfin 0.1 zuwa 0.15. Dabarar juya kowane gida da ake yi wa ciyawa da yashi ba ta aiki a nan, tana yanke zare. In kuma ka ga wasu layuka suna rawa kamar igiyar ruwa a yadin da ke nesa, saƙar ta fi ɗigon hoton ƙanƙanta ne: rage ƙarfin Normal zuwa 0.3, ko ka yi renda a ninkin girma ka rage daga baya.

Wanda ke son haɗa nasa hoton, ya shimfiɗa yadin a inuwa, ko ranar da hazo ya rufe rana, ya ajiye rula a gefe don sanin girma, ya riƙe waya a saitin tsakiya ba a karkace ba. Yanke hoton daidai inda zanen saƙar ya kammala zagaye, ba a tsakiyar ido ba. A manhajar gyaran hoto ta GIMP danna Shift+Ctrl+O ka tura shi rabi-rabi, mahaɗar za ta dawo tsakiya kamar alamar tarawa. In gefe ɗaya ya fi haske, daidaita hasken tukuna, sannan ka ɗauki Clone kana bin zare ɗaya-ɗaya har ya shige cikin ɗan'uwansa. Sai ka jera shi huɗu-huɗu ka duba daga nesa kafin ka ciro Normal daga jikinsa.