Na sallami Python 3.8 daga ɗan laburarena

Jiya da daddare na buɗe pyproject.toml, fayil ɗin saitin laburaren, na mayar da requires-python, layin da ke faɗin mafi ƙarancin sigar Python da yake aiki da ita, zuwa 3.10, kuma wallahi sai da na daɗe ina kallon layin nan kafin na tura shi. Ita 3.8 ai tun Oktoban 2024 masu Python suka daina yi mata gyaran tsaro, Django 5.0, manhajar gina shafukan intanet, ma 3.10 take nema, su NumPy, laburaren lissafi, kuwa tun 2019 suka kafa ƙa'idar NEP 29, wadda ta ce wata 42 kawai za su riƙe kowace sigar Python, to ni da nake aikin nan ni kaɗai bayan na taso daga ofis me zai sa in ci gaba da ɗaukar kayan da manya suka sauke?

Abin da ya tsaya min a rai dai masu Ubuntu 20.04 ne, wani nau'in Linux, don da 3.8 ta zo, kuma ba kowa ke da ikon taɓa sabar wurin aikinsa ba. Sauƙin abin, pip, manhajar da ke girka laburaren Python, na karanta layin nan, zai sauke musu tsohuwar sigar laburarena da ta dace da su, aikinsu ba zai tsaya ba, sabbin gyare-gyare ne dai ba za su samu ba. Gobe in Allah ya kai mu zan share tarin if ɗin nan masu duba sys.version_info don gane sigar Python, in fara rubuta match, salon rubutun da sai a 3.10 ya shigo.