Wasiƙa daga Landan: Sunan da ke ƙirjin 'yan wasa

Assalamu alaikum, 'yan'uwana na gida. Ina gaishe ku da aiki, ina gaishe ku da haƙurin zaman ƙasa.

Maganar ƙwallo ce ta sa na ɗauki alƙalami, amma ba ta wanda ya ci ko wanda aka ci ba. A watan Afrilun 2023 ƙungiyoyin gasar Firimiya ta Ingila suka amince a tsakaninsu cewa da zarar an kammala kakar 2025/26, ba za a ƙara ganin sunan kamfanin caca a gaban rigar ɗan wasa ba. Lokacin da aka yanke shawarar, ƙungiyoyi takwas cikin ashirin ne ke ɗauke da irin wannan suna a ƙirji. Kafin wa'adin ya cika sai adadin ya ƙaru, a kakar 2024/25 suka zama goma sha ɗaya, kowa na sauri ya kwashi rabonsa kafin a rufe ƙofa. Kuma yarjejeniyar ta tsaya ne a ƙirji kawai. Hannun riga yana nan, haka ma allunan lantarkin da suka kewaye fili.

Yaranmu a gidajen kallo na Fagge da Tudun Wada da Damagaram sun fi ni sanin waɗannan sunaye. Sun ga Betway a rigar West Ham shekara da shekaru, sun ga Stake a ta Everton, sun ga Hollywoodbets a ta Brentford. Yaro bai taɓa taka shagon caca ba, amma ya haddace tambarin kamar yadda ya haddace lambar ɗan wasan da yake so. Ya je kasuwa ya sayi jesi, sunan na manne a jiki, ya saka ya tafi masallaci da ita.

Ba haka Ingila take da can ba. Dokar caca ta 2005, wadda ta fara aiki a 2007, ita ta buɗe wa kamfanonin ƙofar talabijin. Daga nan abin ya yi yawa har su kansu kamfanonin suka ji tsoron hukuma, a 2019 suka ce sun daina talla daga minti biyar kafin busa usur har minti biyar bayan an tashi, in dai wasan kafin ƙarfe tara na dare ne. A 2022 kuma aka hana sa manyan 'yan ƙwallo a tallan caca, saboda yara na kwaikwayonsu. Duk da haka, masu bincike a Jami'ar Bristol sun zauna sun ƙirga saƙonnin caca da suka fito a talabijin da rediyo da shafukan sada zumunta a ƙarshen makon farko na kakar 2024/25, suka samu fiye da 29,000. A 'yan kwanaki ke nan. An toshe hutun rabin lokaci, tallan ya koma cikin wasan kansa.

Mutane kan ce, ai talla ba ta tilasta wa kowa, mai hankali ya gani ya wuce. Na daɗe ina jin wannan magana, kuma ban yarda da ita ba. Kamfanin da ke zuba miliyoyin fam a kan rigar ƙungiya ɗaya ba sadaka yake yi ba, ya yi lissafinsa. Kuma ba ya buƙatar ya shawo kanka yau. Abin da yake saye shi ne sabo: ido ya ga sunan sau dubu tare da murnar cin ƙwallo, har caca ta daina zama abin kunya ta koma wani ɓangare na kallon wasa. A da, in aka ce wane ɗan caca ne, ko auren 'yarsa sai an yi tunani. Yau saurayi zai fito da waya a gaban abokansa yana cewa wasa ɗaya ne ya ɓata masa tikiti, a yi dariya a wuce. Ya ma daina kiran abin caca, cewa yake yi yana buga wasa, wai ilimin ƙwallonsa yake gwadawa.

Wani kwamitin Majalisar Dattawan Birtaniya ya faɗi a rahotonsa na 2020 cewa kashi 60 cikin ɗari na ribar kamfanonin na fitowa ne daga kashi 5 cikin ɗari na masu bugawa, wato waɗanda cacar ta riga ta kama ko take dab da kamawa. To ku duba wanda tallan ke farauta. Kyautar maraba da ake ba sabon shiga, da saƙon da ke faɗowa waya ana tsaka da wasa, duk tsaba ce ake watsa wa kaza.

Su kansu 'yan wasan ba su tsira ba. A watan Mayun 2023 aka dakatar da Ivan Toney na Brentford wata takwas saboda ya karya dokar caca sau 232, likita kuma ya tabbatar cewa jarabar ta zame masa cuta. A kakar da aka dakatar da shi, da sunan kamfanin caca a ƙirjinsa yake shiga fili. An hukunta shi kan abin da ake biyan ƙungiyarsa ta tallata. A nan nakan tuna Frederic Kanoute, ɗan Mali, wanda a 2006 ya rufe sunan kamfanin caca da ke rigarsa ta Sevilla saboda addininsa. A lokacin wasu sun ɗauke shi mai tsaurin ra'ayi. Sai ga shi Italiya ta haramta tallan caca da dokar 2018, Sifaniya ma ta cire sunayen daga riguna a 2021.

Inda abin ya fi damuna shi ne namu ɓangaren. Bature ya yi wa kansa shinge, ko da mai ɓula ne: ƙarfe tara na dare, hukumar sa ido kan tallace-tallace, asibitocin gwamnati na masu jarabar caca, da tsarin da mutum zai sa a toshe shi daga duk shafukan caca lokaci guda. Hoton wasan kuwa yana isowa gida ba tare da ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, kuma a kansa ake ɗora tallan kamfanonin da ke aiki a Najeriya, da mawaƙa da 'yan barkwancin TikTok da ake biya su raba lambar shiga. Mafi ƙarfin talla ma kyauta ake yin ta: hoton tikitin wanda ya ci, yana yawo daga waya zuwa waya. Dubban da suka rasa kuɗin jari ko na makaranta ba sa ɗora nasu.

Na ji labarin yadda Hisbah ta rufe shagunan caca a Kano, na kuma ji hukuncin Kotun Ƙolin Najeriya na watan Nuwamban 2024 da ya soke dokar caca ta tarayya ta 2005, ya mayar da ikon hannun jihohi. Madalla. Sai dai shago ya riga ya koma cikin aljihu, kuma kwaɗo ba ya rufe waya. Tunda yanzu wuƙa da nama na hannun majalisun jihohi, tallan ya kamata su fara bi: allunan kan titi, gidajen rediyo, da mashahuran da ke karɓar kuɗi su jawo mabiyansu. Masu gidajen kallo ma suna da ta cewa, domin su suka san yaron da ya daina kallon fili ya koma kallon waya, ƙungiyarsa ta ci amma fuskarsa a murtuke saboda ba a ci da yawan da ya saka ba. Uban yaron ba ya wurin. Mai gidan kallo yana wurin, kuma ya san gidansu.

A gaida iyaye da yara. Allah Ya sada mu da alheri.

Naku,
ɗan'uwanku a Landan