Alhamdulillah an sallamo Baba

Alhamdulillah, alhamdulillah. Jiya da yamma muka dawo da Baba gida bayan kwana 23 cif a asibiti yana jinyar korona, shi da dama an yi masa dashen ƙoda. Waɗanda suka biyo mu tun ranar da numfashinsa ya fara sama-sama kun san komai, ba sai na maimaita ba, wallahi rubutun nan ma da ƙyar nake yi, jikina kamar an min dukan tsiya.

Abu ɗaya ne ya ƙi barin raina. Dare na huɗu oksijin ɗinsa na ta sauka, na tare likitar ƙoda a baranda ina kuka ina cewa ya za a yi mutum ya yi allurar korona har biyu, ga katin a jakata, kuma ya kwanta haka? Ko ladabi babu a muryata. Baiwar Allahn nan ba ta ji haushi ba, kujera ta janyo ta zaunar da ni, ta buɗe gwajin jinin da aka masa kafin ciwon ta ɗora yatsa kan layi ɗaya, antibodi, wato sinadaran da jiki ke samarwa don yaƙar cutar, kusan babu. Ta ce ƙanwata allurar ba jabu ba ce, magungunan da yake sha tun dashe ne, takrolimus da maikofenolet da prednisolon, aikinsu su kwantar da garkuwar jiki kar ta far wa sabuwar ƙodar, to garkuwar da aka sa barci ko an kawo mata allura ba lallai ta amsa ba, kuma maikofenolet ɗin ya fi danne ta. Ta ce a 2021 jami'ar Johns Hopkins ta Amurka ta auna masu dashe, bayan allura ɗaya 17 cikin 100 ne suka samar da antibodi, bayan biyu 54, a Tulus ta Faransa kuma ta uku ta ɗaga su daga 40 zuwa 68, shi ya sa ake ƙara musu. Sai ta matse hannuna ta ce ko da wasa kar ku rage masa magani da kanku. Likita, Allah ya biya ki da gidan Aljanna, ya raya miki zuri'a, ya tsare ki daga ranar da za ki tsaya a baranda kina kuka.

Yayanmu babba na san ba ka son a faɗa amma sai na faɗa, kai ka ba Baba ƙoda, kai kuma ka tattara gidan kaf har mai tsoron allura aka je aka yi riga-kafi don mu zame masa katanga. Matar ƙanina da aka ɗiga wa jaririnta maganin foliyo ta haƙura makonni ba ta kawo shi kusa da kakansa ba saboda ƙwayar mai rai ce tana fita a kashi, na san ranta bai so ba. Nas ɗin dare mai gyara masa filo ba a roƙe ta ba, masu addu'a, masu kira, Allah ya saka, Allah ya saka, Allah ya sa ku gama da iyayenku lafiya.

Su kuma 'yan uwan da ko flashin ba mu gani ba, da waɗanda suka yi zuciya don an ce su sa takunkumi, wai ai an masa allura, ba komai, Allah ya bar zumunci.

Masu zuwa dubiya dan Allah mai tari ko mura ya bari sai ya warke, a kira shi a waya, yana ɗauka da kansa yanzu.