Silek, guzurin ɗan ci-rani a ƙasar Minangkabau

A yammacin tsibirin Sumatra na Indunusiya, wajajen Padang da Bukittinggi, nan mutanen Minangkabau suke. Musulmi ne, amma gidan gado da gonar dangi ta wajen uwa suke bi. Shi ya sa a da, yaro in ya fara tasawa ba ya kwana gida, sai a surau, wani ɗan masallaci na dangi. Can yake karatun Alƙur'ani, in dare ya yi a fito fili a koya masa silek, wasansu na kare kai. Kawu kuma, ɗan'uwan uwa, shi ke da ta cewa kan tarbiyyarsa.

Ni ɗan Tawa ne, don haka inda abin ya kama ni shi ne zancen tafiya. Su ma mutanen ci-rani ne kamar mu Adarawa; saurayi sai ya bar gida ya nemo arziki a wata ƙasa. Amma kafin ya fita an ɗaura masa guzuri biyu, karatu da silek, an kuma ja masa kunne: ba a neman abokin gaba, in an gamu ba a kaucewa. Namu kuwa kuɗin mota da addu'ar tsohuwa, sai Abijan ko Libiya.

Na kalli bidiyon randai, wasan kwaikwayonsu na gargajiya, a waya, muna fada ana dafa shayi. Samari sun yi da'ira cikin baƙaƙen wanduna masu faɗin hantsa, suna takun silek a duƙe, sai su ware ƙafa su mari zanen wandon gaba ɗaya, ya yi ƙara kamar ganga. Tsakiyar da'irar ana waƙa, ana ba da labarin kakanni. Wani a fadar ya ce rawa ce kawai. Ni ban yarda ba, duk takun nan na kaucewa ne da na kayarwa. Ko manyan baƙi da silek ake tarbarsu a biki.

A 2019 UNESCO ta sa pencak silat, wasan kare kai na Indunusiya wanda silek ke cikinsa, a jerin al'adun gado na duniya. Mu ma kokowarmu ba baya ba ce, tun 1975 da aka fara gasar takobi nan Tawa. Sai dai tamu ta zama ta ƴan kokowa, sauranmu ƴan kallo, kuma ban taɓa jin kawun da ya hana yaro tafiya Abijan don bai iya kamu ba.